Daga Garwa zuwa Yawunde da yara uku da tsohuwa: gidan da ya shekara bakwai yana cewa "sai sun girma"

Wannan bayanin wani gida ne a unguwarmu a Garwa, a arewacin Kamaru. Maigidan yana da shagon kayan masarufi a babbar kasuwa, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Ba zan ambaci sunansa ko na iyalinsa ba. Abin da na kawo na ji shi ne daga bakinsa da bakin ƙanensa, wani kuma uwargidansa ce ta faɗa wa mai ɗakina. Lissafin kuɗin da idona na gan shi, a bayan littafin bashin shago, inda ya rubuta shi da jan biro.

Asalin lamarin: 2016 zuwa 2020

Dangin gidan nan a kan titi ɗaya suke jere, kamar na Hausawan Kamaru da yawa: kakanni sun bi fatauci kudu, kowa ya zauna inda kasuwa ta karɓe shi. Hajiya, mahaifiyar maigidan, haifaffiyar Ngaundere ce, aure ya kawo ta Garwa, kuma tun rasuwar mijinta tana zaune a gidan ɗanta. Wanta yana Ngaundere. Ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Bertuwa. Babban ɗan Hajiya tela ne a Briketeri, unguwar Hausawa ta Yawunde. Daga Garwa zuwa Ngaundere kimanin kilomita 275 ne, zuwa Yawunde kuwa ta hanyar Maiganga da Garwa-Bulai da Bertuwa ya haura kilomita 1,100.

Yaran uku ne: mace da aka haifa a 2012, namiji a 2015, auta a 2019. Namijin sunan wan Hajiya aka sa masa. Tsohon ya makance, ba ya iya tafiya, kuma duk wayar da aka yi da shi da tambaya ɗaya yake rufewa: "Yaushe za ku kawo mini takwarana in shafa kansa?"

A 2016 Hajiya ta fara roƙon a yi tafiya ɗaya gaba ɗayan gidan, a bi dangi gida-gida har Yawunde. Amsar maigidan ba ta canja ba tsawon shekaru: "Hajiya, ki yi haƙuri, sai yara sun yi wayo." Hujjarsa uku ce. Ƙaramin yaro ba zai tuna komai ba, saboda haka asarar kuɗi ce. Hanya tana da wahala, yaro kuma ba ya jure zama. Shago ba ya son a bar shi. A 2016 ana goyo, a 2017 ana rufin gida, a 2018 an ƙara jari, a 2019 an haifi auta. A Maris na 2020 korona ta zo, gwamnati ta rufe iyakoki da makarantu daga ranar 18 ga wata, maganar ta mutu da kanta.

A Fabrairun 2021 tsohon na Ngaundere ya rasu. Maigidan da Hajiya su biyu suka je gaisuwa. Yaron yana da shekara biyar da 'yan watanni, takwaransa bai taɓa shafa kansa ba, alhali tafiyar wuni ɗaya ce tsakaninsu.

Gwaji na farko: Agusta 2021, a motar haya

Mutuwar nan ta girgiza maigidan, ya ce a babban hutu za a tafi. Shirin shi ne a hau bas zuwa Ngaundere, a kwana biyu, a hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, a dawo ta Bertuwa.

Babban hutun makaranta a Kamaru daga tsakiyar Yuni ne zuwa farkon Satumba, wato tsakiyar damina a Arewa, lokacin sauro. Sun isa tasha da ƙarfe bakwai, motar ba ta tashi ba sai bayan goma. Auta, ɗan shekara biyu, ya fara amai tun kafin Ngong. Motar haya ba ta tsayawa don yaro ɗaya yana kuka, sai inda direba ya saba tsayawa. Ƙafafun Hajiya suka kumbura har takalminta ya ƙi shiga. Sun sauka Ngaundere bayan magariba.

Kwana na biyu namijin ya kwana da zazzaɓi. Aka auna jini, cizon sauro ne. Kuɗin tikitin jirgi ya tafi a magani da ƙarin ruwa. Rana ta biyar suka juyo Garwa. Maigidan bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To, kun gani."

Gwaji na biyu: Yuli 2022, a motar aro

Mako guda bayan Babbar Sallah aka sake ɗaura niyya. Darasin da maigidan ya ɗauka daga gwajin farko shi ne motar haya ce matsala, sai ya ari motar wani abokin kasuwancinsa. Bai kai ta wurin bakanike ba, don ya ji kunyar a ce yana binciken kayan aro. Ya kuma ƙudura cewa tunda mota a hannunsa take, a wuni ɗaya za su wuce Ngaundere su kwana Garwa-Bulai, fiye da kilomita 500.

Tsaraba ta cika but: buhun albasa, rabin buhun shinkafa, jarkar man gyaɗa, kilishi. Har kan cinyar yara akwai kaya. Ba su bar gida ba sai ƙarfe tara da rabi, saboda sallama da maƙwabta. A wani shingen jandarma aka nemi takardun yara, aka tarar an manta takardar haihuwar auta a gida; sai da aka ɗauko hotonta aka turo ta waya, awa guda ta tafi.

Wanda ya san hanyar nan ya san abin da ke bayan Mbe. Daga kwarin Binuwai titi ke hawa tsaunin Adamawa, kwana bayan kwana, har ka kai tudun da Ngaundere take, sama da mita 1,000 daga doron teku. A nan tsofaffin motoci ke faɗin gaskiya. Tasu ta yi zafi a tsakiyar hawan, tiyon lagireto ya fashe, tururi ya tashi. Ruwan sama ya sauko. Awa huɗu suka yi a gefen titi, manyan motoci na wuce su da ƙyar, Hajiya ta rungume auta cikin mayafinta. Da daddare aka ja motar zuwa gari. Gyara da jan mota sun ci sefa 85,000. Kwana biyu suka yi, suka koma.

Uwargidan ta ce ita kam ta yafe, ba da ita ba kuma. Shekarar ta ƙare ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Shiri: Janairu zuwa Disamba 2023

Wadda ta rantse ta bari ita ce ta farfaɗo da maganar. Wata rana tana tankaɗe a tsakar gida ta ji Hajiya na waya da ƙanwarta ta Bertuwa, tana cewa a hankali, "Ki bar sa rai, ni da ke sai dai a can." Shekararsu goma sha huɗu rabonsu da juna. Da daddare uwargidan ta ce wa mijinta, "Malam, sau biyu ba yara ne suka kayar da mu ba. Mu sake lale."

Abu na farko da suka sauya shi ne lokaci. Suka bar babban hutu suka zaɓi hutun Kirsimeti, mai kimanin mako biyu. A Disamba ruwa ya ɗauke daga Garwa har Yawunde, sauro ya ragu a Arewa, kuma zafin Maris da Afrilu, wanda ke wuce digiri 40 a Garwa, bai iso ba.

Na biyu kuɗi. Uwargidan ta shiga adashin mata goma sha biyu, zubin sefa 25,000 a wata, ita tana ba da 10,000 daga cinikin yaji da turaren wuta, shi yana cika 15,000. Ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasar ƙarshe, ta Disamba, don kada kuɗin ya shigo gida da wuri wata buƙata ta cinye shi. Sefa 300,000 ke nan, maigidan ya ɗora 100,000. Ana cikin haka, a farkon Fabrairun 2023 gwamnati ta ƙara kuɗin litar fetur daga sefa 630 zuwa 730. A ƙarshen Mayu Najeriya ta janye tallafin mai, man gefen titi da muke kira zuwa-zuwa, wanda Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da arharsa, shi ma ya tashi.

Na uku mota. Ƙanen maigidan yana da mai kujera bakwai da yake haya da ita. Ya ce zai bayar kuma zai tuƙa, sharaɗinsa a sa mata sababbin taya biyu, a duba birki da lagireto, a canja fanbel da baƙin mai. Aka yi, ya ci sefa 95,000. Mutum bakwai, kujera bakwai, ba yaron da aka ɗora a cinya. Tsaraba mai nauyi aka auna ta a tashar bas mako guda kafin tafiya, kowane ƙulli da sunan gidan da za shi.

Na huɗu, kuma shi ya fi wahalar karɓuwa wurin maigidan, shi ne yanka hanyar gunduwa-gunduwa. Zango ɗaya a wuni. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin la'asar, ba tuƙin dare ko da kilomita talatin suka rage. A tsaya duk bayan awa biyu, ko ba wanda ya nema. Kowane zango a gidan dangi zai ƙare, kuma an sanar da su tun wata guda kafin nan. Takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa na manya, inshora da sauran takardun mota duk suka shiga leda ɗaya a jakar uwargida. Aka tanadi gidan sauro biyu, maganin zazzaɓi, ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, lemun tsami da citta saboda tashin zuciya, da canjin sefa 500 masu yawa na biyan kuɗin hanya.

Tafiyar: 23 ga Disamba 2023 zuwa 3 ga Janairu 2024

Asabar 23 ga wata suka haye gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba. Ƙarfe goma sha ɗaya suna gindin tsaunin da ya kayar da su a 2022. Ƙanen ya tsaya, ya bar inji ya huce minti ashirin, yara suka ci dambu suka yi ta jifan wata bishiya da tsakuwa. Suka hau a ƙaramar giya, ba abin da ya faru. Da suka kai sama maigidan ya ce a tsaya, ya fito da yaran ya nuna musu kwarin da suka baro a shimfiɗe cikin hazon hunturu. Babbar 'yar, wadda ke ajin ƙarshe na firamare, ta ce, "Baba, ashe wannan ne layin da malam ke zanawa a allo tsakanin Arewa da Adamawa."

Kwana biyu a Ngaundere, a gidan marigayi. Matarsa ta ɗauko wata hula da tsohon ya ajiye wa takwaransa tun 2016. Ta yi wa yaron kaɗan, a saman kai ta tsaya, amma bai cire ta ba har suka bar garin. Sanyin Ngaundere ne abin da ba su shirya masa ba: auta ya kwana da mura, sai da aka shiga kasuwa aka sayo rigunan sanyi na gwanjo.

Litinin 25 ga wata suka kama hanyar Maiganga. Ba nisa da gari suka ratse suka kalli inda kogin Vina ke zubowa daga kan dutse. A gefen titi bayan Maiganga aka yi azahar, namijin ya ga mahaifinsa ya sallame a raka'a biyu, ya ja masa riga ya ce an yi mantuwa. A nan kan tabarma ya koyi ƙasaru: tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80, matuƙar ba a yi niyyar zaman kwana huɗu ba, sallah mai raka'a huɗu biyu take komawa, sai fa in ka bi limamin gari. Daga ranar shi ne mai tambaya a kowane zango, "Nan biyu ce ko huɗu?"

Garwa-Bulai gari ne na kan iyaka da Afirka ta Tsakiya, cike da manyan motocin da ke jiran shiga Bangi. A nan shirin ya ɗan yi tangarɗa. Ɗan'uwan da ya ce a sauka gidansa ɗaki biyu gare shi da iyali takwas, kunya ce ta hana shi faɗa a waya. Mata da yara suka matsu a ɗaki ɗaya, maza suka kwana a zaure. Da safe uwargidan ta sa wa matar gidan sefa 10,000 a ƙarƙashin faranti ba tare da ta ce komai ba.

Talata da azahar suka shiga Bertuwa. Ƙanwar Hajiya tun hantsi take zaune a ƙofar gida kan kujera 'yar tsuguno. Mota ba ta gama tsayawa ba ta miƙe, zaninta na kwancewa, tana cewa "Yaya! Yaya!" Ta kama fuskar Hajiya da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina haƙoranki suka je?" Duk suka fashe da dariya da kuka tare. Daren nan tsofaffin biyu a tabarma ɗaya suka raba dare suna ɓarar gyaɗa, suna lissafin wanda ya rasu da wanda ya rage. Babbar 'yar ta ƙi kwanciya, ta zauna a gefensu. A nan ta ji sunan kakar kakarta, da yadda aka yi gidansu ya bar fataucin goro ya zauna Ngaundere. Ta rubuta sunayen a bayan littafinta na lissafi.

Alhamis 28 ga wata shi ne zango mafi tsawo a hanyar zuwa, kimanin kilomita 340 ta Dume da Abong-Mbang da Ayos. Yaran Garwa, waɗanda suka saba ganin sama daga wannan gefe zuwa wancan, suka shiga kurmi inda bishiyoyi ke rufe titi, ga tirelolin katako ɗauke da gungume uku kacal sun cika mota. Taya ta yi faci bayan Dume, aka sa safaya, minti arba'in. Faɗan kujerar taga, wanda ya dame su tun ranar farko, Hajiya ce ta kashe shi: duk tsayawa a yi musanya.

A Briketeri suka yi kwana uku, har da sallar Juma'a. 'Ya'yan telan Hausarsu ta cakuɗe da Faransanci, na Garwa tasu ta cakuɗe da Fillanci, wunin farko dariyar bakin juna suka yi ta yi, wuni na biyu ba mai iya raba su. An kai su gidan namun daji na Mvog-Betsi, an ci tsire da daddare a bakin titi.

A dawowa aka raba ayari, don ƙafar Hajiya ta fara kumburi. Maigidan da ƙanensa suka taso da mota ranar 31 ga wata, suka kwana Bertuwa, suka isa Ngaundere washegari. Mata da yara, tare da telan da ya rako mahaifiyarsa, suka hau jirgin Camrail na dare ranar 1 ga Janairu, kimanin kilomita 620 a kan layin dogon da ya isa Ngaundere tun 1974. Laraba 3 ga wata, kafin la'asar, suna Garwa.

Lissafi da abin da ya biyo baya

An tsara sefa 400,000, an kashe 465,000. Fetur lita 240 ya ci 175,200, gyaran mota 95,000, sauran ya tafi a tikitin jirgi, abinci, tsaraba, rigunan sanyi da kuɗin hanya. Cikon 65,000 telan ne ya ranta, aka biya shi kafin azumi. Yaron shago ya riƙe amana, amma ciniki ya ja baya a makon da kasuwa ke ci, kuma manyan masu saye biyu sun koma shagon maƙwabci, ɗaya bai dawo ba. Ba wanda ya kwanta asibiti.

Wata guda da dawowarsu, a farkon Fabrairun 2024, litar fetur ta koma sefa 840. A Satumba babbar 'yar ta shiga sakandare, hutunta ya cika da darasin ƙari da hadda. A ƙarshen shekarar hawan jinin Hajiya ya tsananta, gwiwoyinta suka ƙi, likita ya hana ta dogon zama a mota.

Hukunci

A ganina maigidan ya yi gaskiya a abu ɗaya. Auta, wanda ya yi tafiyar yana ɗan shekara huɗu, ba abin da ya riƙe sai jirgin ƙasa da wata mata da ta miƙo abarba ta taga. Wanda zai kashe kuɗi don ɗan shekara huɗu ya tuna, ya san da wannan. Asarar shago ma gaskiya ce, ba tsoro ba ne kawai.

Inda ya kuskure shi ne ɗaukar da ya yi cewa yara kaɗai ne a ma'auni. Yana jiran na ƙasa su girma, na sama suna ƙarewa, kuma tsohon da ya makance ba shi da shekara biyar ɗin da aka nemi ya jira. Ko a ɓangaren yaran ma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe: tsakanin lokacin da yaro zai iya zama awa biyu a mota da lokacin da jarrabawa za ta mallake hutunsa 'yan shekaru ne, kuma a gida mai 'ya'ya uku da tazarar shekara bakwai ba a samun ranar da duka suka yi daidai. Da an jira auta ya kai takwas, da babbar tana fama da jarrabawar sakandare, da Hajiya ba ta cikin motar.

Gwaji biyun da suka rushe kuwa ƙuruciyar yara ba ta cikin dalilansu, in ban da aman auta. Damina ce, da motar da ba a duba ba, da lodi, da haɗamar kilomita 500 a wuni. Da aka gyara waɗannan, yaran nan dai su ne suka yi kilomita 1,100 zuwa Yawunde lafiya. Abin da na fi jinjina wa shi ne kwasar ƙarshe ta adashi da sanar da dangi tun da wuri, domin su ne suka ɗaure tafiyar ta yadda ba a iya fasa ta cikin sauƙi. Abin da zan gyara shi ne sauka a gidan da ba a tambayi girmansa ba. Ɗakin haya na dare ɗaya ya fi ɗora wa talaka nauyin baƙi bakwai.

Uwargidan ta sake shiga adashi, wannan karon Marwa za su, wurin danginta, kilomita 200 da 'yan kai. Hajiya ba za ta je ba. Kowace Juma'a bayan la'asar jikarta ce ke kira mata Bertuwa ta WhatsApp, kuma kafin ta miƙa wayar sai ta gama tata hirar da tsohuwar can.